Kawu Tanko da Jan Fenti Uku

Duk wanda ya zauna a Rafin Guza ya san Kawu Tanko kafinta ba ya amsa sallamar mai hular kwano sai ya tambaya: "Kai na wace gwamnati ne?"

Ba laifinsa ba ne. Bangon zaurensa ɗaya, amma sau uku aka shafa masa jan fenti. Mutanen tarayya suka ce layin wuta zai bi ta nan. Na jiha suka ce magudanar ruwa za a haƙa. Ƙaramar hukuma kuma rumfunan kasuwa take son jerawa. Hankalinmu ya tashi, Inna har ta fara ɗaure kwanuka a zani. Shi kuwa ya dubi bangon ya ce, "Kai! Da sun haɗa kai, ai da sun gama min fentin gaba ɗaya!"

Na ce, "Kawu, mu nemi lauya."

"Ƙarar wa zan kai, ɗan nan? Su ma ba su san juna ba."

Ranar da katafila ta shigo layinmu da 'yan sanda, mata sai salati. Kawu ya jawo bencinsa gabanta ya ci gaba da goge katako.

Jami'in jiha ya daka tsawa, "Baba, tashi!"

"Zan tashi, yallaɓai. Amma gobe na tarayya suka zo neman bangonsu, me zan ce musu? Amana suka bar min."

Injin ya yi ruri, ɗan sanda ya gyara bindiga. Kawu ko ɗagowa bai yi ba. Can jami'in ya koma gefe ya buga waya, katafila ta ja da baya.

Daga baya dole dukansu suka zauna a ƙofar mai unguwa, kowa da taswirarsa. Ashe turakun wutar a tsakiyar magudanar suka faɗa! Aka gyara, aka ce rabin zauren zai tafi.

Kawu ya ce, "Tunda kun yi magana da baki ɗaya, ku ɗauka. Amma ƙusoshin nawa ne." Sai da suka jira ya zare su ɗaya bayan ɗaya, har da miƙe lanƙwasassun.

Daminar bana ruwa ya bi magudanar, bai shiga ɗakin kowa ba. Kawu bai gani ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwancinsa.