Ɓerayen da Aka Hana Ni Ciyarwa

Shekarar da 'yata ta fari take aikin bincike, wata Laraba da safe ta shigo gidanmu na Gwarinpa rungume da keji. Ɓeraye ne guda shida, farare tas, kowanne ya ninka na kicin ɗina girma. Wai za a zuba maganin ɓera a wurin aikinsu, shi ne oganta ya ce a kwashe waɗannan kada su mutu. Na ba su wuri a falo, kusa da fanka.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali, irin yadda malamarmu ta makarantar manya take yi. Sinadarin da ke sa girma ne ya yi musu yawa, ana so a ga ɓarnar da yake yi wa wani ɗan nama da ke bayan tumbi, mai daidaita sukarin jini. Wata takwas ke nan tana kansu.

"Umma, daga yanzu zuwa la'asar ba za su ci komai ba, sai na dawo na auna jininsu. Don Allah."

Na ce to. Kuma na gane sarai.

Da na idar da sallar azahar, sai na ga babban cikinsu ya miƙe tsaye, ya riƙe ƙarfen keji yana kallona. Mu kuwa tun muna yara ake tsorata mu da alhakin dabbar da aka kulle ba ci. Na yanka musu ayabar kasuwar Zuba. Ganin yadda suka yi mata, na ƙara da dabino.

Da la'asar ta dawo ta auna su ɗaya bayan ɗaya, sai ta daka tsalle.

"Umma! Sukarinsu ya haura inda ban taɓa gani ba! Duk shidan!"

Ta ɗauki waya za ta sanar da oganta. Na riƙe mata hannu.

"'Yar nan, ajiye wayar. Ayaba ce."

"Wace ayaba?"

"Da dabino kaɗan."

Ta ajiye wayar. "Umma, ɓeraye ne fa! Ko shekaranjiya da takalmi kika kashe wani!"

"Wancan ɓarawo ne. Waɗannan ta ƙofa suka shigo."

Washegari ta sake gwajin. Tun da safe ta sa ni a mota zuwa Ushafa, wurin ƙanwata, ta kulle falon. Na wuni ina kallon masu ginin tukwane. Tuwon da aka ajiye mini ya huce, ban taɓa shi ba sai da 'yata ta bugo ta ce ɓerayen sun ci abinci.