Haddar da Ba Ta Ba Ni Aiki Ba

A unguwar Tandabawi wani tela ɗan Maroko ya koya mini Turanci da Sifaniyanci, don in samu aikin jirgin ruwa a Jidda. Hadda zalla yake ba ni, kamar karatun allo: na ci, ka ci, ya ci, mun ci.

Ranar gwaji Baturen jirgin ya tambaye ni da Turanci ko 'yan dako sun ci abinci. Wallahi na san amsar, amma sai na faro daga farko, kamar mai biya sura. Kafin in iso kan "sun ci", ya kira na bayana.

Na koma ga-ruwa. Yau kafaɗata ta mutu, tsinanniyar haddar kuwa tana nan daram, babu mai tambaya.