Ranar da Baba Ya Faɗi Sunana

Shekarar da kurkunu ya kama ni muna zaune a ƙasar da Faransawa ke mulki, ni da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Mu mutanen Babura ne, Turawan Ingila ke riƙe da mu a lokacin, amma da an cire gyaɗa sai mu tsallaka iyaka mu ci rani a can. Baba yana yi wa wani kamfani awo, ni kuwa ina ɗinkin buhuna, gemuna ya fara tsiro.

Kamfanin yana da wani tsari da ba mu san shi ba a gida. Ana cire ɗan wani abu daga ladan mutum, a ba shi kati, in ciwo ya same shi ko wani nasa a yi masa magani a asibitinsu. Baba ya daɗe yana jinjina abin, yana cewa yaya za a sayi magani tun cuta ba ta zo ba. Sai da limamin zangonmu ya ce masa ai rumbu ma tun ana ƙoshe ake cika shi, sannan ya yarda. Sharaɗi biyu ne: katin ba ya aiki a ɓangarenmu na Turawan Ingila, kuma ba a rubuta kowa sai wanda mai katin ya faɗi sunansa da bakinsa a gaban akawu.

To, ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana aka sa mini. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, "wancan" nake. Ranar rubutu ya faɗi nasa, ya faɗi na ƙannena biyu da ke can Babura, waɗanda katin ba zai amfane su da komai ba, ya dangwala yatsa ya fito abinsa.

Da kurkunun ya tsinke a cikin ƙafata, sai ta kumbura kamar turmi. Aka ɗora ni a jaki zuwa asibiti. Malamin asibiti ya duba, ya ce in aka ƙara kwana biyu sai dai a yanke ta, asibitin ɓangarenmu kuwa yana Kazaure, ya yi mana nisa. Akawu, wani mutumin Dahome mai Hausar kasuwa, ya buɗe littafi ya ce babu ni. Amma abu mai sauƙi ne, in ji shi, malam ya faɗi suna yanzu a rubuta.

Baba ya ɗaga kai yana kallon rufi. Can ya nemi takarda ya rubuta da ajami, rubutu mai kyau. Akawu ya juya ta sama da ƙasa, ya ce doka baki ta ce. Baba ya ce bari ya kira limamin ya faɗa masa, akawu ya ce liman ba shi da kati.

"Malam, ɗanka ne ko tsinto shi ka yi?" in ji akawu.

Kunya ta dame ni fiye da ciwon. Na ce wa Baba mu koma a ɗaura ganye, Allah ke warkarwa. Sai ya dubi ƙafar, ya daɗe yana dubanta. Ya juya mini baya, ya ja rawani ya rufe baki, ya yi bisimilla, ya faɗa.

"Ban ji ba," in ji akawu.

Baba ya sauke rawanin ya sake faɗa, har na bakin ƙofa suka waiwayo. Sau biyu ke nan, kuma iyakarta ke nan har ya koma ga Allah.

Aka tsaga ƙafar aka wanke, alhamdu lillahi da ita nake zuwa masallaci har yau. Ranar da aka sallame ni Baba ya gargaɗe ni, yana kallon jaki, kada wancan ya kai wannan labari gida. Akawun kuwa ya samu abin tsokana. Duk sanda ya wuce wurin awo sai ya tsaya ya ce malam ya tuna masa sunan yaron nan, ya manta. Baba ba ya ko ɗago kai daga kan sikeli.

"Yana cikin littafinka," yake cewa.