Ƙarfen Cinyata Ya Karye Ina Tashi Daga Alwala

Lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni matashi ne mai ji da ƙarfi, ina lodin yashi a bakin kogin Wudil. Gine-gine sun buɗe, tifa na bin tifa, mu kuwa mu ciko kwando da jiƙaƙƙen yashi mu hau katako mu juye. Ana cikin haka wata tifa ta zamo da baya ta karya min cinya. A wani asibiti a Kano aka yi min aiki aka sa ƙarfe, aka ɗaure shi da kusoshi. Likitan ya ce ƙarfen riƙo kawai yake yi kafin ƙashi ya haɗe, kada in ɗauki kaya sai na dawo an yi hoto. Na ce to, amma a raina dariya nake yi, wai ni za a gaya wa ƙarfe bai kai ƙashi ba.

Da ciwo ya lafa na jefar da sanda na koma kogi, ban koma an yi hoton ba. Abokan aiki suka laƙaba min mai ƙafar ƙarfe, in an danƙara kwandon da ya fi na kowa sai su ce a bar min, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Matata ta yi magana har ta gaji. Wani lokaci cinyar takan yi min tsami, in sa ta gasa min da ruwan zafi, gari na wayewa in fice.

Abin da har yau yake ɗaure min kai shi ne ba a bakin aiki ya faru ba. Ranar Juma'a ce, ko kwando ban taɓa ba. Na tsuguna a tsakar gida na yi alwala, na yunƙura zan miƙe, sai na ji ƙas a cikin jikina kamar an karya kara. Ina dubawa na ga cinyata ta lanƙwashe a inda babu gaɓa. Wallahi ko salati na kasa yi, buta na hannuna, kallon ƙafar kawai nake kamar ta wani ce.

Da aka sake buɗe wajen a asibiti, naman ya yi baƙi da garin ƙarfe, jini ya daskare a jikinsa, ƙashin kuwa ashe bai taɓa haɗewa ba. Likitan ya nuna min ƙarfen, ya karye gida biyu. Bakin karayar sumul yake, sai ɗan gefe guda da bai fi farce ba. Ya ce duk kwandon da na ɗauka tsaga tana ƙara cin ƙarfen a ɓoye, wannan ɗan gefen kaɗai ya rage yana ɗauke da ni.

Ƙafar ta tsira amma ta gajarce, ni da kogi kuwa mun rabu ke nan. Yanzu rake nake sayarwa a bakin gada, tifofi na wuce ni suna ɗigar da ruwa, raina na ɓaci. Don Allah duk wanda aka sa wa ƙarfe a jiki ya koma ranar da likita ya ce, kada ya jira sai ya ji ciwo. Ni ma ranar da abin ya faru lafiyata ƙalau na tashi, har na sa an goge min rigar zuwa masallaci.