Baba Lampis da Jeton da Bai Sauka Ba

"Bido nawa ka ce?"

"Goma sha biyu, Baba Lampis. Tun jiya na gaya maka goma sha biyu."

"Na ji. Ɗaga tampol ɗin in gaisa da su."

Direban ya juya wajen fasinjojinsa yana tafa hannu. "Jama'a ku shaida! Masu ordinatar na Yamai suna can cikin sanyin klim, namu kuwa ga shi zai hau bayan kamyo yana shanshana bido."

"Na Yamai ba su san ƙishirwa ba. Ɗaga."

Aka ɗaga. Dattijon ya kama ƙarfe ya haye, ya bi bidunan, wato jarkokin ruwa, ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Da ya kai na ƙarshe ya buɗe murfin, ya kai hanci, ya rufe.

"Sha ɗaya. Na sha biyun man gazuwal ne, sai in kai za ka sha."

Tasha ta kwashe da dariya, direban ma ya dara, ya aika aka ciko masa wani bidon.

Haka safiyar Malam Zainulabidin, wanda ake kira Baba Lampis, take farawa a tashar manyan motoci ta Arlit. Kafin motocin ma'aikatan ma'adini su gama kwasar mutanensu, shi ya riga ya buɗe ƴar rumfarsa ta kwano, ya goge teburi, ya kunna ordinatar, wato kwamfuta. Duk motar da za ta nufi Tchibarakaten, wurin masu haƙar zinariya can tsakiyar hamada, gabansa take fara tsayawa. Ya rubuta lambarta da sunan direba, ya ƙirga kawunan mutane, ya ƙirga ruwa, ya tambayi hanyar da za a bi. Sai ya danna maɓalli, wani ɗan zagaye kore ya fito a fuskar na'urar ɗauke da sunan direban. Shi yake kira jeton. Yana nan rataye har sai wakilin tasha na can ya ga motar ta iso ya sauke shi. In ranar isowa ta wuce ba a sauke ba, sai ya koma ja, a gefensa kuma ga lissafin awowin da ruwansu zai iya kai su.

Wannan shafin intanet ba sayo shi aka yi ba, ba kuma wani saurayi mai takardun jami'a ya gina shi ba. Wannan dattijo mai furfura ne ya rubuta shi, layi bayan layi, da yatsu biyu, bayan ya haura shekara hamsin.

Daga Damagaram ya zo Arlit yana saurayi. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin fitilu na mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta Akokan, can ya samo sunan Lampis, wato mai kula da fitilu. Aikin yana da ƙa'ida guda wadda ta fi duk sauran nauyi. Duk wanda zai shiga rami sai ya karɓi fitila, ya rataya jeton na tagulla mai lambarsa a jikin allo. In ya fito ya maido fitila ya ɗauki jetonsa. In aka tashi aiki aka ga jeton guda a allo, to akwai ɗan wani a ƙarƙashin ƙasa. A wannan hali lampis ba ya tafiya gida, ba ya cin abinci, kuma ba ya cewa "ƙila ya manta ne." Sauka ake yi a duba.

Sai aka wayi gari mahaƙar ta rufe. Abokan aikinsa suka watse: wasu suka sayi babur suka shiga kabu-kabu, wasu suka koma Maradi da Tawa, wasu suka bi zinariya. Shi kuwa ya zauna. Matarsa Zuwaira ta ce ta sha ganinsa da sassafe ya ɗaura takalman aiki, ya kai bakin ƙofa, sannan ya tuna ba inda za shi. Sai ya dawo ya zauna ya kwance igiyar a hankali, ita kuma ta juya baya tana hura wutar da ta riga ta kama, don kada ya san ta gani.

Ana cikin haka aka kawo labarin rasuwar wani tsohon abokin aikinsa a hanyar zinariya. Motarsu ce ta lalace, ƙishirwa ta gama da su. Kwana tara mutanen Arlit suna zaton sun isa, mutanen can suna zaton ba su taso ba. A wurin zaman makoki kowa yana addu'a, Zainulabidin ya ɗago kai ya yi tambayar da ta ba mutane mamaki.

"To wa yake riƙe musu allo?"

Babu mai riƙe musu.

Kashegari ya shiga siber, wato shagon intanet, na Veronika, wata ƴar Maradi da ta koyo aikin ordinatar a Yamai ta buɗe shago kusa da kasuwa.

"Sannu Baba. Takarda za a buga maka?"

"A'a, ƴata. Abin da ake rubutawa akwatin nan ya yi biyayya, shi nake so ki koya min."

"Kod kake nufi? Baba, ka ma san inda ake kunna shi?"

"Da na sani ai da ban zo ba."

Veronika ta ce ta ɗauka kwana uku zai yi ya gudu. Shekara biyu ya yi. Samarin da ke zuwa kallon ƙwallo a siber suka riƙa zolayarsa suna ce masa injiniya, yana amsawa da "na'am, ranka ya daɗe." In wuta ta ɗauke kowa ya watse, shi sai ya zaro kaye, wato littafin rubutu, da biro ya ci gaba da rubuta kod ɗinsa da hannu, in ta dawo ya kwafe. Kaye bakwai ya cika. Ran Lahadi in za ta coci, makullin shagon take miƙa masa. Idonsa ya gaji har sai da ya yanki tabarau, ranar da ya sa shi kuwa Zuwaira ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Mai fitila na aura, ga shi an maido min mai tabarau. To Malam, shi ma ina so." A gida ita ke riƙe kaye tana karanto masa haruffan da ba ta san ma'anarsu ba, yana dubawa ko ya tsallake wani. Wallahi in ana neman soyayya a garin nan, a je a leƙa tsakar gidan nan.

Sau ɗaya suka yi gardama da malamarsa. Ita ta ce a yi lissafi da kilomita, kamar yadda kowa yake yi. Shi ya ce, "Ƴata, kilomita ba ta kashe mutum. Ruwa za mu raba da kawuna." Ta jawo kujera, ta ce ya nuna mata. Har yau tana cewa daga wannan rana ta daina ɗaukarsa ɗalibi.

Da aiki ya kammala ya kai wa sandika, wato ƙungiyar direbobi. Shugabansu, Alhaji Aghali, ya ba shi rumfa da wata uku na gwaji. Nan fa wahala ta fara. Karon farko da jeton ya yi ja, aka tura mota nema, aka tarar da direban a Tchibarakaten yana cin gasasshen nama, ya isa tun shekaranjiya, shayi ya ɗauke masa hankali bai je wurin wakili ba. Karo na biyu rezon waya na can ne ya yanke kwana biyu, wakili ya kasa saukewa. Sau biyu an ƙona mai, an wahalar da mutane a banza. Tasha ta sa wa aikinsa suna allon ƙarya. Aka tsayar da taro ran Alhamis don a kwance rumfar, kowa ya huta da ƙwanƙwasa bido.

Ran Talata, tsakiyar bazara, jeton na uku ya yi ja. Motar wani direba ce mai suna Alhassane. Zainulabidin ya kira wakili ya fi sau goma, kira bai shiga ba. Ya san abin da za a ce masa. Ya kuma san in ya yi shiru, ƙila ran Alhamis a tausaya wa furfurarsa a ƙara masa wata guda. Ya zauna yana kallon jan zagayen nan har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sannan ya ɗauki ordinatar a hannu ya nufi inuwar da Aghali yake shan shayi da manyan direbobi.

"Alhaji, jeton Alhassane bai sauka ba."

Aghali ya aje kofi, ya amsa da Hausarsa ta mutanen duwatsun Ayar, wadda ba ta raba mace da namiji. "Lampis, don Allah ka bar ni. Na'urarka ya yi ƙarya sau biyu. Mota ya isa tun jiya, Alhassane yana can yana cika ciki."

"Ka gan shi?"

"Ban gani ba, amma na san shi. Shekara ashirin yana bin hanyar nan."

"Ni ma na san duk wanda na taɓa ba fitila. Sanin bai taɓa sa na tafi gida ba."

Wani direba ya ce, "Baba injiniya, ko dai na'urar ce take jin ƙishirwa? A ba ta shayi mana." Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

"Mutum ashirin da uku. Bido tara, ni na ƙwanƙwasa su da hannuna. Gobe kafin azahar ruwansu zai ƙare, in ma sun yi tsimi ke nan. Alhaji, in wannan ma ƙarya ce, kada ka jira Alhamis. Ni da kaina zan kwance rumfar, in ɗauki kwanon a ka in fita."

Dariya ta tsaya. Aghali ya juyo wajensa.

"Hamada faɗi gare shi. Ina za mu nema?"

Dattijon ya juya masa fuskar na'urar. A rubuce yake: Alhassane ya ce zai ratse ta tsohuwar hanyar rijiya ya sauke wa wasu makiyaya buhunan gero. Duk cikin masu shan shayin nan ba wanda ya san da haka. Da an fita nema ba tare da wannan layin ba, babbar hanya za a bi a wuce su.

Kafin la'asar motocin kat-kat biyu suka tashi cike da ruwa. Zainulabidin ya koma rumfarsa ya zauna. Zuwaira ta kawo abinci, ta dube shi, ta mayar da kwanonta a rufe. Ta san wannan zama tun zamanin fitilu.

Da hantsin Laraba wayar satelit ta yi ƙara a aljihun Aghali. An same su. Ƙarfen ƙafar motar ta baya ne ya karye, nesa da babbar hanya inda ba mai wucewa. Sun ɗaura tampol a jikin motar suna kwance a ƙarƙashi, saura rabin bido, ana raba shi da kofin shayi. Ashirin da uku, dukansu da rai! Tasha ta kaure da kabbara, masu kabu-kabu suna ta danna oda, mata masu abinci suna guɗa. Wanda ya ce a ba na'ura shayi shi ya fara rugowa ya rungume dattijon. Shi kuwa ya cire tabarau ya share ido da gefen rawani, amma ya ƙi sauke jeton. Sai da motocin suka iso da yamma, ya tsaya a bakin tasha ya ƙirga su da idonsa har ashirin da uku, sannan ya koma ya danna maɓalli. Alhassane, leɓɓansa duk a tsattsage, ya kama hannunsa ya ce, "Baba, abin da na riƙa gaya wa mutanena ke nan. Na ce ku yi haƙuri, akwai wani tsoho mai taurin kai a Arlit, ba zai tafi gida ba."

Kai ne, Baba Lampis. Kai ne wanda aka rufe wa ƙofar aiki, ka ƙi yarda an rufe ka tare da ita. Ka zauna gaban yarinyar da ka haifi kamarta ka ce koya min, ba ka ji kunya ba. Ka shanye dariyar samari shekara biyu. Ba ka je wa na'ura hannu wofi ba, ka je mata da abin da shekara ashirin da shida suka koya maka, ka tilasta mata ta koyi damuwa da ran mutum. Mai allon da ba ya barci, mun gode. Iyayen mutum ashirin da uku sun gode, da ƴaƴansu, da matan da ba su shiga takaba ba. Allah Ya ƙara wa idanun nan haske, Ya saka wa Zuwaira da Veronika da alheri.

Ku kuma ƴan uwana matasan Arlit da Akokan da Tchirozérine, masu cewa aikin ordinatar sai ƴan Yamai, ku je tasha da safe ku gani. Da ku tsofaffin ma'aikatan rami da kuke zaune kuna cewa lokaci ya wuce: kowannenku ya fito da wani sani a hannunsa da garin nan yake bukata. Siber ɗin yana nan kusa da kasuwa, kujerun ma ba su cika ba.

Ran Alhamis aka yi taron kamar yadda aka tsara. Direbobi suka cika inuwa har kan tayoyi, Zainulabidin yana zaune a gefe, hannu bisa gwiwa. Aghali ya miƙe ya gyara rawani.

"Mun ce yau za a kwance rumfar Lampis. To za a kwance shi."

Alhassane ya yunƙura zai tashi, Aghali ya ɗaga masa hannu.

"Zauna, ban gama ba. Za a kwance, domin ɗakin siminti za mu gina masa, mai ƙofa da taga. Daga yau mota ba ya fita tashar nan sai da jeton, ko nawa ne. Direban da ya isa kuma ya tafi shan shayi bai sauke nasa ba, wata guda zai yi a gida yana taya matarsa wanke-wanke. Na gama magana."