Maiƙo a Jikin Ginshiƙi

Duk lokacin da na ji ƙamshin turaren sandal, ko da a cikin jirgin ƙasa ne, sai kunya ta rufe ni. Bari in gaya muku dalili.

Ina da shekara tara, muna zaune a unguwar Mount Hope da ke Bronx. Mahaifiyata tana aikin kula da wata tsohuwa 'yar Indiya a yankin Queens, mai bin addinin Jain, kuma da wannan aikin muke ci muke sha. Kashegarin wata Babbar Sallah tsohuwar ta nemi a kai ta wurin ibadarsu, na nace sai an tafi da ni. Za mu fita, kakata ta ƙulle soyayyen naman layya a takarda ta cusa mini a aljihu, wai jikarta ba za ta yi tafiya ba guzuri ba.

A bakin ƙofa aka cire takalma, mahaifiyata ta ajiye jakarta saboda ta fata ce. Tsohuwar ta yi mini bayani cewa su ko tururuwa ba sa kashewa, shi ya sa ba a shiga da abin da aka zubar da jini kafin a same shi. Mahaifiyata ta tambaye ni ko ina ɗauke da wani abu. Na girgiza kai.

Ciki fari ne fat, ƙamshin sandal ya cika ko'ina. Ƙasa marmara, bango marmara, ginshiƙai an sassaƙe su da furanni har sama, ga wata ƙubba kamar an kifa ƙwarya mai zane. Can gaba mutum-mutumin manyan malamansu ne zaune, ƙafafu a harɗe. Tsohuwar ta ce mutane ne da suka yi galaba a kan son zuciyarsu. Masu matsawa kusa da su kuwa har baki suke rufewa da ƙyalle.

Ni ban yi galaba a kan tawa ba. Na laɓe bayan ginshiƙi na cinye naman nan tas, na goge hannu a jikin furannin dutse. Abinka da farin dutse, maiƙo ya fito raɗau, ƙamshin yaji ya tona mini asiri. Mai kula da wurin ya zo ya tsaya a kanmu. Mahaifiyata ta shiga ba shi haƙuri, don ta san magana ɗaya a kamfanin da ya ba ta aikin ta isa a sallame ta.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka kawo ruwa, ta durƙusa da gwiwoyin nan da mahaifiyata ke shafa wa magani kullum, ta shiga wanke ginshiƙin. Mahaifiyata ta miƙa hannu za ta karɓa, ta hana ta.

"Ni na kawo baƙi," in ji ta.

A hanyar komawa na jira duka, bai zo ba. Sai da muka kusa gida mahaifiyata ta ce, "Da a masallacinmu wani ya shigo da naman alade a aljihu, me kike jin za mu yi masa?"

Ta ci gaba da aikin har tsohuwar ta rasu. Ni kuwa ban taɓa ba ta haƙuri ba, ranar da za a je gidanta sai in ƙirƙiro ciwon ciki.

Bara, a masallacinmu na Bronx, wata baƙuwa ta tako kan darduma da takalmi. Mata suka yo mata caa, ni ma har na buɗe baki. Sai na rufe, na raka ta bakin ƙofa, na ɗauko tsumma na durƙusa.