Agogon Kwantena da Waƙar Baba

Babanmu masunci ne a fadamar Auyo, kuma mawaƙin masunta. Ya rasu ba mu da muryarsa ko a kaset ɗaya. Da na ji wani gidan rediyo yana fito da tsofaffin waƙoƙin masunta duk Laraba, yana ɗora su a intanet kwana ɗaya tak ya cire, sai na ƙudurta ba wadda za ta wuce ni. Na san sun taɓa naɗar Baba.

Matsalar ita ce ina koyarwa a Kaugama, inda sabis sai an hau tudu, kuma sai Juma'a nake dawowa Haɗeja. Na ɗauko tsohuwar kwamfutata mai mataccen batir, na jona ta da solar gidanmu. Na sa manhajar sauke waƙa a cikin kwantena, wato wani keɓaɓɓen ɗaki a cikin kwamfutar inda manhaja ke aikinta ba ruwanta da kowa. Na tsara mata ta tashi duk Laraba ƙarfe uku. Uku na zaɓa don na san Yaya, babban wanmu: da an yi La'asar yake dawowa daga gona, ya zare duk abin da ya tarar a soket ya sa batirin famfon feshinsa, sai da safe ya mayar, kwamfutar ta kunna kanta. Shi dama waƙar Baba kunya take ba shi. Yakan ce mu bar mamaci ya huta.

Mako uku ina dawowa ina tarar da wayam. Yaya har da dariya, wai boko ya ƙare a akwatin da ba ya jin magana. Raina ya ɓaci, amma na ƙi kashe ta. Ranar Asabar na zauna na bi bayanan aikin layi-layi, sai na gano agogon kwantenar ba namu ba ne. Na duniya take bi, awa ɗaya a bayanmu. Ukunta huɗunmu ne, daidai lokacin da Yaya ke miƙa hannu ga soket.

Na gyara. Laraba mai zuwa shirin ya sauka lafiya lau. Na kunna, sai mai gabatarwa ya fara da godiya ga masu saurare da suka yaba waƙar makon jiya, ta marigayi masuncin Auyo. Ya ambaci sunan Baba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na buga gidan rediyon, suka ce za su iya maimaitawa, amma ba su san yaushe ba.

Yaya ya tarar da ni a tsakar gida, ya tsaya yana juya hularsa.

"Na ji shi," ya ce. "Ina gona, a rediyon maƙwabcina. Na tsaya har ya gama."

"Ka ji, ka yi shiru?"

Na ce masa daga yau kwamfutar nan ba mai taɓa ta, ko shinkafa za ta bushe a tsaye, kuma na mai da aikin manhajar ya zama kullum, sau biyu a rana. Bai yi musu ba. Damina biyu ke nan tana tashi tana dubawa, ba su maimaita ba. Shi kuwa Yaya yanzu shagon caji na bakin kasuwa yake kai batirinsa.